Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Yaƙi da Gansakuka Daga Kwamin Ninƙaya Zuwa Tankunan Paki

Daga ƙarshen watan Fabrairu zuwa faɗuwar ruwan farko a watan Mayu, ruwa kan zama abin tattali a Paki da sauran garuruwan Ikara, Makarfi da Kudan. Rijiyoyi su yi ƙasa, rafuka su tsinke, kududdufan da aka haƙa a gefen gari don ɗibar ƙasar gini su ja baya har sai ɗan abin da ya rage a tsakiya. A irin wannan lokaci kowa ajiyar ruwa yake yi. Mai hali ya cika tankin roba a saman gini, mai buga bulo ya cika kwamin siminti, mai kiwon tarwada ya riƙe na kwaminsa fiye da yadda ya saba, masallaci ya tara na alwala, uwargida ta cika randa da durom. Ba a daɗewa kuma sai a ga ruwan ya fara sauya kama: bango ya yi santsi, gefe ya yi kore, wani wari mai kama da na laka ya taso. Gansakuka ta shigo ke nan.

Kwamin ninƙaya na cikin gida ba abu ne da aka saba gani a wannan yanki ba. Sai an shiga Zariya, Kaduna ko Kano ake samunsa a otal-otal da gidajen masu hannu da shuni. Amma a bakin wannan kwami ne ilimin kula da ruwan ajiya ya fi fitowa fili, domin mai shi yana ganin sakamakon sakacinsa da idonsa cikin kwana biyu ko uku. Dokokin da ke riƙe ruwan kwamin attajiri garau su ne dai ke aiki a tankin malamin makaranta a Hunƙuyi da durom ɗin mai shayi a kasuwar Makarfi. Wanda ya fahimci ɗaya ya sami mabuɗin sauran.

Mece ce gansakuka, kuma me take ci?

Gansakuka tarin ƙananan halittu ne da ido ba ya ganin ɗayansu, sai sun yi yawa. Kamar tsiro suke rayuwa: suna haɗa abincinsu daga hasken rana. Iska da ƙura da ruwan sama da ƙafar mutum duk suna kawo irinsu, don haka babu mai iya hana su shiga ruwan da ke buɗe. Abin da mutum ke iya hanawa shi ne yaɗuwarsu, kuma yaɗuwar tana buƙatar abubuwa huɗu: haske, zafi, ruwa mai tsayawa wuri ɗaya, da abinci.

Haske da zafi dai Allah ya hore mana su, musamman a watannin Maris da Afrilu. Abincin kuwa sinadarai biyu ne, naitirojin da fosforas, waɗanda kowane manomin masara ko rake ya san su, domin su ne haruffa biyu na farko a jikin buhun takin NPK. Yankin nan yankin noma ne: rake da mazarƙwaila a Makarfi da Kudan, tumatir da masara a Ikara, lambuna a fadamu duk tsawon rani. Takin da shuka ba ta ci ba ruwan sama yake bi ya gangara kududdufi da madatsa. Ga kashin shanu a mashaya, ga ruwan wanki da sabulu, ga ganyen bishiya da ke ruɓewa a cikin ruwa. Duk taki ne a wajen gansakuka.

Har ƙurar hunturu tana da nata kason. Kaso mai yawa na wannan ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi yake tasowa, wurin da dubban shekaru da suka wuce ƙasan wani makeken tafki ne. Farar ƙasar wurin ɓawon wasu ƙananan nau'in gansakuka ne da suka rayu a tafkin suka mutu, kuma tana ɗauke da fosforas da ƙarfe. Idan ta sauka a buɗaɗɗen ruwa tun watan Disamba, ta ajiye takin da zai yi aiki da zarar zafi ya shigo.

Masu kula da kwamin ninƙaya sun san gansakuka iri uku. Akwai koriya, wadda ke yawo a cikin ruwa ta rine shi, ita ce mafi saurin yaɗuwa kuma mafi sauƙin kashewa. Akwai mai launin ɗorawa, wadda ke laɓewa a bangon da ke cikin inuwa. Akwai baƙa, wadda ke kafa kanta a tsagar siminti ta lulluɓe jikinta da wani ɓawo da magani ba ya ratsawa sai an goge shi da burushi mai ƙarfi.

Kulorin ba ya aiki shi kaɗai

Makamin da duniya ta dogara da shi wajen tsare ruwa shi ne kulorin. Tun a 1908 birnin Jersey City na Amurka ya fara zuba shi a ruwan famfo kullum ba fashi, kuma cikin shekaru kaɗan zazzaɓin taifot ya ja baya ƙwarai a biranen da suka bi sahu. A kasuwanninmu yana zuwa a siga uku. Akwai ruwan bilic irin su Hypo da Jik, wanda ƙarfinsa bai wuce kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari ba. Akwai farin gari mai ƙarfi da ake kira HTH, mai kashi 65 zuwa 70. Akwai kuma ƙwayoyi masu narkewa a hankali da ake sa wa kwamin ninƙaya.

Adadin da ake so a kwamin ninƙaya shi ne miligiram 1 zuwa 3 na kulorin mai aiki a kowace lita. Amma zuba shi kawai ba ya isa, domin ƙarfinsa ya rataya ne a kan wani awo da ake kira pH, wanda masanin kimiyya Sorensen na ƙasar Denmark ya fito da shi a 1909. Awon yana tafiya daga 0 zuwa 14. Duk matar da ta taɓa dama kunu ta san gefensa biyu: ƙasa da 7 ɓangaren tsamiya ne, sama da 7 ɓangaren kanwa, 7 kuma tsaka-tsaki. Ruwan ninƙaya ana so ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8.

Ga dalilin wannan tsanani. A awo 7, wajen kashi uku cikin huɗu na kulorin ɗin da ke cikin ruwa yana cikin sigarsa mai kashe ƙwayoyin cuta da sauri. A 7.5 rabi ne. A 8 bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wato mutum zai iya kashe kuɗi ya zuba magani daidai ƙa'ida, amma saboda ruwan ya karkata ɓangaren kanwa, akasarin maganin ya zama rago. Ita ma gansakuka, idan ta samu ta fara, tana shanye iskar kabon da ke cikin ruwa da rana, wanda hakan ke ƙara ɗaga awon, ya ƙara raunana kulorin, ta ƙara samun fili. Idan kuma awon ya faɗi ƙasa da 7, ruwan ya shiga cin ƙarfen famfo da simintin bango, yana yi wa ido zafi. Da asid ake saukar da awon, da soda ake ɗaga shi, kaɗan-kaɗan, ana yi ana aunawa.

Akwai awo na biyu da ke riƙe na farkon kada ya riƙa tsalle, wato yawan sinadaran da ke tare tsami a cikin ruwa. Ana so ya kasance tsakanin miligiram 80 da 120 a lita, kuma da bekin soda ake ƙara shi. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin ƙasar arewacin Kaduna a kan tsohon dutse take zaune, ruwan burtsatse a irin wannan ƙasa kuwa yakan zo da ɗan tsami, ba alli da yawa a cikinsa. Wani ma yana ɗauke da narkakken ƙarfe, wanda da zarar kulorin ya taɓa shi sai ruwan ya koma ja-ja. Wanda bai sani ba zai zaci datti ne ya ƙara magani, alhali abin da ake bukata shi ne a bar ƙarfen ya kwanta a tace shi.

Wani abokin gaban kulorin kuma rana ce. Hasken rana yana cinye akasarin kulorin ɗin da ke buɗaɗɗen ruwa cikin sa'o'i kaɗan. Shi ya sa ake zuba magani da magariba, kuma ake sa sinadarin sayanurik, miligiram 30 zuwa 50 a lita, don ya yi masa garkuwa. Sai dai wannan garkuwa idan ta yi yawa tana danne kulorin ɗin. Ƙwayoyin nan masu narkewa a hankali suna ɗauke da ita, kuma ba ta ƙafewa, taruwa take yi wata bayan wata. Maganinta ɗaya ne: a zubar da wani kaso na ruwan a ƙara sabo.

Mutane da yawa na ɗauka cewa warin kulorin mai ƙarfi a bakin kwami alamar tsabta ce. Ba haka ba ne. Warin yana tasowa ne idan kulorin ya haɗu da gumi da fitsari ya zama wani sinadari mai rauni, wanda shi ne ke sa ido ja. Ruwan da ke da lafiya warinsa kaɗan ne. Saboda haka watsa ruwa kafin shiga kwami, da hana yara fitsari a ciki, tattalin magani ne.

Idan ruwa ya riga ya yi kore

A ɗauki kwami mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, zurfin mita ɗaya da rabi. Lita 48,000 yake ci. Don a ɗaga kulorin ɗinsa da miligiram ɗaya a lita, ana bukatar kimanin giram 75 na garin HTH. Wanda bai san yawan ruwan kwaminsa ba, duk abin da ya zuba ƙiyasi ne kawai.

Masu sana'ar suna bin tsari ne. A fara kwashe ganye da shara. A auna pH a saukar da shi wajen 7.2. A goge bango da ƙasa da burushi don a fasa santsin da gansakuka ke fakewa a ciki. Da magariba a zuba kulorin mai yawa, ya kai miligiram 10 a lita ko fiye, a bar injin da ke tura ruwa ta matata yana juya ruwan dare da rana. Washegari ruwan zai koma fari-fari, alamar gansakukar ta mutu. Daga nan sai a wanke yashin matata, a sa alif ya tattara gawarta ta kwanta ƙasa, a zuƙe ta waje. Ba a shiga ruwan sai kulorin ya sauko ƙasa da 5 kuma ana ganin ƙasan kwamin tar.

A ranakun yau da kullum injin yana bukatar ya yi aiki wajen sa'o'i takwas, don duk ruwan ya bi ta matata. Wannan ne abin da mai niyyar gina kwami a garinsu ya kamata ya fara lissafawa kafin ya haƙa rami: ina wutar da za ta juya ruwan, wa kuma zai riƙa aunawa idan maigida ya koma birni? Kwamin da aka rufe gida aka bari makwancin sauro ne ga dukan unguwa, kuma tarko ne ga ƙananan yara idan babu shinge.

Su kansu magungunan suna da haɗari. Ba a haɗa kulorin da asid, domin iska mai guba suke fitarwa. Ba a cakuɗa garin HTH da ƙwayoyin kwami a mazubi ɗaya, domin suna iya kamawa da wuta. A cikin ruwa ake zuba magani, ba a zuba ruwa a kan magani. Ko manya sun taɓa faɗawa irin wannan rami. A watan Agustan 2016, ana tsakiyar wasannin Olamfik a birnin Rio na Brazil, kwamin masu tsalle cikin ruwa ya wayi gari kore shar a idon duniya. Daga baya masu shirya wasannin suka bayyana cewa an zuba lita 160 na sinadarin haidurojin feroksayid a kwamaye biyu, shi kuwa kashe kulorin yake yi. Magunguna biyu masu kyau, kowanne ya rusa aikin ɗan'uwansa.

Tanki, rijiya da randa

Ruwan sha ya fi sauƙin tsarewa daga gansakuka, domin ana iya yanke mata haske. Baƙin tanki mai murfi da kyar take kama shi, fari ko shuɗi mai sirara wanda rana ke ratsawa kuwa gona ce a gare ta. Wanda ya riga ya sayi irin wannan sai ya yi masa fenti mai duhu daga waje ko ya yi masa rumfa. A rufe murfi, a sa raga a bakin bututun iska, a sauke ruwan a wanke cikin tankin aƙalla sau biyu a shekara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ƙa'idar cewa bayan minti 30 da zuba kulorin, ya kamata a sami aƙalla miligiram 0.5 a lita ya rage a ruwan, awon pH kuma ya kasance ƙasa da 8. Tankin lita 2,000 na ruwa garau yana bukatar kimanin mililita 60 na bilic mai kashi 3.5, wato cokali huɗu na cin abinci, don ya kai miligiram ɗaya a lita. Bilic ɗin ya zama zalla, wanda ba turare ko sabulu a cikinsa. Na jarka kuwa akwai WaterGuard da Aquatabs, a bi abin da ke rubuce a jikinsu. Ƙwayoyin kwamin ninƙaya da magungunan kashe gansakuka ba na ruwan sha ba ne ko kaɗan.

Ruwa mai laka yana cinye kulorin kafin ya kai ga ƙwayoyin cuta, don haka sai an kwantar da shi tukuna. Alif yana yin wannan aiki, haka ma dakakken 'ya'yan zogale. Amma su biyun kwantar da laka suke yi, ba su kammala kashe cuta. Bayan an tsiyaye ruwan saman, sai a sa kulorin ko a tafasa. Rijiya kuma abin da ya fi tsare ta shi ne murfi, daɓen siminti a kewaye, guga guda mai tsabta da ba a ajiye shi a ƙasa, da nisan wajen mita 30 daga masai. Maganin da aka zuba a rijiya ba ya daɗewa, domin sabon ruwa na ɓuɓɓugowa kullum.

Muhimmancin wannan ba ɓoyayye ba ne. A 2021 cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙidaya mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,500 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki. Ƙwayar kwalara tana cikin waɗanda kulorin ke kashewa cikin sauƙi.

Kwamin kifi da kududdufi

A wajen mai kiwon kifi lissafin ya juya. Kulorin kashe kifi yake yi, kuma ɗan kore-kore a tafkin ƙasa abinci ne ga karfasa. Matsala tana zuwa ne idan koren ya yi kauri. Da rana gansakuka tana samar da iskar shaƙa, da dare kuma ita ma shaƙa take yi, don haka da asuba iskar ruwan ta fi ƙaranci. Idan aka ga kifi sun taso sama suna haki kafin fitowar rana, ruwan ya ƙure. Tarwada tana jurewa saboda tana iya shaƙar iskar waje, karfasa ba ta da wannan gata. Akwai gwaji mai sauƙi: a tsoma hannu zuwa gwiwar hannu, idan tafin ya ɓace tun kafin a kai nan, a rage abinci a sauya wani kaso na ruwan. Ruwan da aka fitar taki ne mai kyau ga lambu.

Kududdufi shi ne kwamin ninƙayar yaran karkara, kuma haɗarinsa biyu ne. Na farko, wani nau'in koren da ke tasowa saman ruwa kamar an zubar da fenti, wanda masana ke kira sayanobakteriya, yana iya fitar da guba mai lalata hanta, kuma tafasawa ba ta kashe gubar. A Agustan 2014 ta hana mutum kusan rabin miliyan shan ruwan famfo na kwana uku a birnin Toledo na Amurka, a 2020 kuma gwamnatin Botswana ta ɗora mata alhakin mutuwar giwaye fiye da 300. Makiyayin da ya ga irin wannan kumfa a mashaya ya kora shanunsa gaba.

Na biyu tsargiya ce. Ƙwan tsutsarta yana fita a fitsarin mai cutar, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin dodon koɗi, sannan ya fito ya huda fatar duk wanda ya shiga wanka. Jinin da yaro ke gani a ƙarshen fitsari ba alamar girma ba ce, cuta ce mai lalata mafitsara, kuma akwai maganinta, firazikwantel. Ruwan kududdufi da aka ɗebo aka ajiye kwana biyu, tsutsar cikinsa mutuwa take yi. Mun taɓa cin irin wannan yaƙi: a 1988 fiye da mutum 650,000 ne ke fama da kurkunu a Najeriya, amma da tace ruwa, da sa magani a kududdufai, da aikin Janar Yakubu Gowon da Cibiyar Carter, aka tabbatar a 2013 cewa ƙasar ta rabu da cutar.

Tsarki daban, lafiya daban

Malaman fiƙihun Malikiyya sun koyar da mu duba launi, ɗanɗano da ƙamshin ruwa, sun kuma yi sauƙi cewa ruwan da ya sauya saboda abin da ke tsira a cikinsa, irin gansakuka, bai rasa tsarkinsa ba. Wannan hukunci ne na alwala da wanka, rahama ce ga mutanen da ba su da wani ruwan. Bai ce ruwan ya dace da sha ba. Haka kuma ruwa na iya zama garau, ba wari ba ɗanɗano, amma yana ɗauke da kwalara ko taifot. Akwai ma ƙwayar gudawa mai suna kiriftosforidiyum da ke yin kwanaki da rai a cikin kwamin da kulorin ɗinsa ya cika, shi ya sa mai gudawa ba ya shiga ruwan jama'a. Gansakuka ta fi waɗannan gaskiya, domin ita tana nuna kanta. Duk inda ta bayyana a ruwan da ake sa wa magani, shaida ce cewa maganin ya ƙare ko ya yi rauni tun kafin ta zo.

Abin da ya rage mana shi ne mu daina dogara da ido kaɗai. Takardun gwaji da ake tsomawa a ruwa su nuna kulorin da pH cikin daƙiƙu kaɗan ba su da wuyar amfani, wanda ya iya bambance launi ya iya karanta su. Makarfi tana da makarantar kimiyya da fasahar lafiya ta Shehu Idris, ƙananan hukumomin nan uku kuma suna da ma'aikatan duba-gari. Ya kamata a ba su kayan gwaji su riƙa zagaya tankunan makarantu, masallatai, asibitoci da wuraren da 'yan garuwa ke ɗiba, tun daga watan Fabrairu kafin zafi ya kankama, su kuma koya wa kwamitin kowane masallaci da kowace makaranta lissafin tankinsu. Magidanta su sa wankin tanki cikin ayyukan shekara kamar yadda ake gyaran rufi kafin damina. Kuɗin bilic na tanki guda a wata bai kai kuɗin jinyar mutum ɗaya a asibiti ba.